Innarku Ta Ji Motar Tana Tsallake

Funtua.

Magaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata ka isa Dandume lafiya, ka sami kawunka Isiya da mutanen gidansa lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka fita a sa'a, ya raba ka da mugun ji da mugun gani a kan hanya. Mu nan ƙalau muke, sai dai gajiya, ita kuwa ka san ba jiya ta fara ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Wayar ce ba ta da sauran amfani a wurina. In na kira ka, ni ina ta ɗaga murya kamar mai kiran fasinja a tasha, kai kana ta "to Baba, to Baba," ni ban ji to ɗin ba, kai ba ka saurari maganar ba. Kunnuwan nan sun gama aikinsu, shekarun da na yi a bayan sitiyari da fasasshiyar salansa sun cinye su. Ga shi kuma kai ɗan fari ne. Ban saba zaunar da kai in yi maka dogon zance ba, yadda ni ma nawa uban bai taɓa zaunar da ni ba. A takarda abin ya fi zo mini da sauƙi. Ka daure ka karanta har ƙarshe, ko da ka ga tsohon ya cika surutu.

Maganar ita ce, a-kori-kurar da ka tafi da ita jiya ba ta da lafiya. In tana tsaye inji na aiki, tana tsallake. Ba ni na ji ba, Innarku ce ta ji, zan kuma zo kan wannan. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, kada ka ɗora mata masara, kada ka shiga da ita hanyar ƙauyukan bayan Dandume, sai ka gano abin da ke damunta ka gyara. Na san kawunka ya riga ya yi wa manoma alkawari za ka kwaso lodin farko kafin ranar kasuwa. Na kuma san hanyar. Akwai kwalbatin nan da ya karye, inda dole kowace mota ta sauka gefe, ta taka birki har ta kusa tsayawa, sannan ta lallaɓa ta haye. Ka san su wa ke zama cikin duhuwar da ke wurin wasu ranakun. Motar da ke tsallake ba ta mutuwa tana gudu a kan kwalta. A irin wurin nan take mutuwa, lokacin da ka ɗaga ƙafarka daga totur.

Ba ni da babbar gona da zan bar maka, ba ni da boko. Motar nan ce kawai, sai shirmen da na tafka a kanta tun tana da fenti. Motar na riga na ba ka. Ga shirmen, ka karɓa shi ma, don kada ka sake sayensa da kanka.

Babba cikin shirmen nan shi ne ɗan sukurun nan da ke gefen kafireto, wanda ake ɗaga silo da shi, wato yadda inji ke juyawa in ba ka taka komai ba. Na yi shekaru, duk safiyar da na tayar da ita na ga tana karkarwa, sai in ɗauko sukundireba in ɗan murɗa shi. Nan take muryarta ta hau sama, rawar jikin ta ɓace, in rufe bonet ina jin kaina gwani. Ba ni kaɗai ba ne, duk 'yan tasharmu haka muke yi, kuma da dalili. Mai kaya in ya zo neman mota ba ya tambayar komai, tsayawa yake ya dube ta tana aiki. In ya ga madubi na rawa, sai ya wuce ta gaba. To wa zai yarda a wuce shi? Sai kowa ya ɗaga silo, layin motoci duka suna ta kururuwa, kowace da ciwonta a ɓoye. Murɗa sukurun nan bai taɓa gyara komai ba, Magaji. Ciwon yana nan yana ci, kai ne dai ka daina jinsa. Silindar da ba ta ci tana ta zubar da ɗanyen fetur, yana wanke baƙin mai, fulogin kusa da ita ma ya fara baƙi. Ranar da ta yi zafi da kaya a baya ka saki totur ba zato, sai ta mutu, ka yi ta murɗa makulli tana ƙi.

Don haka abin da za ka fara yi shi ne ka bar ta ta yi ɗumi sosai, sannan ka mayar da sukurun baya a hankali har silon ya sauko inda ya kamata. Za ta fara rawa, ranka zai ɓaci, za ka ji kunya in akwai masu kallo. Ka bar ta ta yi rawar, ita kake nema.

Daga nan ka zagaya baya ka tsuguna, ka kara tafin hannunka kusa da bakin salansa, ka kasa kunne. Tsallake iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa a kan ƙa'ida, a wuri ɗaya kullum. Wannan silinda ɗaya ce cikin huɗun ta daina aiki. Akwai kuma wanda ba shi da kan gado, yanzu ya zo, an jima ya ɓace, ya dawo biyu a jere. Wannan abin da ya haɗa su duka ne, ko mai, ko iska, ko wutar da ake raba musu. Na tambayi Innarku wane iri ta ji, ta ce kamar mata suna lugude, ɗaya tana sakin nata bugun a wuri ɗaya kullum. In haka ne silinda ɗaya ce, kuma na ɗan sami sauƙi a raina. Amma ka ji da kunnenka, naka sababbi ne.

Ni ban kasance mai tsugunawa in saurara ba. Ni mai zuwa kanti ne. Wata shekara motar ta fara wannan tsallaken, na yanke hukunci tun kafin in buɗe bonet cewa kafireto ne ya tsufa. Na tafi wurin Emeka mai kayan gyara, wanda aka haifa a nan Funtua, Hausarsa ta fi tawa tsami. Na ce ya ba ni sabon kafireto. Ya dube ni, bai tashi daga kujera ba.

"Baba Garba, wa ya ce maka kafireto ne?"

Na ce, "Ni na ce."

"Ka zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya ka gani?"

Na ce, "Kai Emeka, kai mai sayarwa ne ko mai hanawa? Tun kana rarrafe a shagon nan nake sayen kaya wurin babanka."

Ya ce, "To ai shi ya sa, Baba. Gobe ka ɗaura ta ci gaba da rawa, ka zauna a tasha ka ce Emeka ya cuce ka. Ni dai ka je ka duba, kafireto ba gudu zai yi ba."

Na yi fushi, na tilasta masa ya ba ni. Na ɗaura, na tayar, ta ci gaba da rawarta kamar ba a yi komai ba. Ashe wayar fulogi ɗaya ce ta gogu da jikin inji har ta tsage, wuta na tsalle ta gefe. Tsohon kafireton, wanda ya zo da motar kuma ya fi sabon nesa ba kusa ba, na riga na yi kyauta da shi don burga. Na yi wata guda ina zagaye layin Emeka don kada mu haɗa ido.

Kada ka sayi komai sai ka kama mai laifi da hannunka. Inji na aiki a silo, ka sami busasshen tsumma mai kauri, ko filaya mai roba a hannu, ka zare wayar fulogin farko. Kada ka yi da jiƙaƙƙen hannu, za ta yi maka jan da za ka tuna kakanka. In ka zare rawar ta ƙaru, wannan silindar tana aiki, ka mayar. Ka wuce ta gaba. Wadda ka zare ba abin da ya canza, ita ce matacciyar. Ka kashe inji, ka kwance fuloginta, ka duba bakinsa a haske. In launin soyayyar gyaɗa ne, lafiyarsa lau. In baƙi ne a bushe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. In baƙi ne a jiƙe yana maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa. In fari ne fat, iska ce ta yi yawa. Sannan ka yi musaya, ka kai wannan fulogin wata silindar, ka kawo nata nan. In tsallaken ya bi fulogin, ka huta, fulogi ne. In ya tsaya inda yake, ka yi wa wayar irin wannan musayar. Aikin ba ya cin komai sai haƙuri, shi ne kuwa ban taɓa samun isasshe ba.

In ka ga dukkan huɗun sun yi baƙin gindin tukunya, ka buɗe matatar iska. Shekarar da na yi jigilar auduga, lokacin audugar Funtua tana auduga, kullum sai na tarar matatar ta toshe da gashinta, motar na shaƙewa tana baƙin hayaƙi. Maimakon in riƙa kaɗe ta kowace safiya, sai na gaji, na zare ta na jefar a bayan tasha. Motar ta buɗe murya, na ce na yi dabara. Kafin damina ta zagayo jar ƙasar hanyar Danja ta shige ciki ta cinye ringin da ke cikin silinda, sai da aka sauke injin gaba ɗaya, ku kuma kuka yi wata da watanni kuna cin tuwo da miyar da ba ta san nama ba. Kai yanzu masara za ka ɗauka, ƙaiƙayinta ma haka yake yi. Ka kaɗe, ka mayar, komai gajiya.

Akwai wanda ko yanzu in an tuna a Malumfashi sai an yi dariya, kuma kai ne sanadi, ko da yake ba ka san ana yi ba. Innarku ta tafi gidansu haihuwar fari, aka haife ka a can. Ranar suna, abin da ake so ga uban ɗan fari shi ne ya kai rago a ɓoye ya sulale, kada surukai su ga ko ƙeyarsa. Ni kuwa ina so a ga motata tana ƙyalli. Da sassafe na kai ta bakin rafi na wanke ta, har na buɗe bonet na kwara wa injin ruwa bokiti-bokiti. Ruwa ya shiga dilko, abin nan mai murfi da ke raba wa fulogai wuta. Ta tashi da kyar tana tari. Cikin sauri na tumɓuke wayoyin huɗu gaba ɗaya na goge, na mayar da su yadda na ga dama, biyu suka sauya wuri. Haka na ja ta tana tirjiya har Malumfashi. Ina isa ƙofar gidan surukaina, daidai an zauna ana rabon goro, sai ta saki wata ƙara ta salansa kamar an harba bindiga. Ragon ya tsinke igiya ya dire, yara suka bi shi, malamai suka miƙe da tabarmi a hannu. Kakanka ya leƙo ya ce, "A'a, ashe angon ƙarni ne da kansa. To sannu da sallama." Da ƙasa za ta tsage a ranar, da na shige.

A lokacin dariya aka yi. Yau in motarka ta yi wannan ƙarar a bakin wani ƙauye, mata za su kwashi 'ya'ya su faɗa gona, kuma ba ka san abin da ɗan sa-kai mai bindiga a hannu zai yi kafin ya tambaya ba. Kada ka taɓa zare wayoyin nan duka a lokaci guda. Ɗaya, ka mayar, sannan ta gaba. Ka buɗe murfin dilko ka duba cikinsa, ko da laima, ko tsaga, ko wani baƙin layi siriri kamar an ja da fensir. In akwai layin nan, murfin ya gama, wuta ta sami hanyar banza. Injin kuwa ba a yi masa wanka, tsumma da kananzir sun ishe shi.

In tsallaken mara kan gado ne, ka fara zargin mai. A ƙauyukan da za ka shiga ba gidan mai, na galan za ka saya a bakin hanya, ba yadda za ka yi. Na sha zuba shi ido rufe don mai sayarwa ya gaishe ni da kyau. Ka riƙa yawo da farar kwalba, ka tsiyaya kaɗan ka ajiye ta zauna. In da ruwa, za ka gan shi kwance a ƙasa. In ka gani ka yi masa godiya ka wuce, ba sai an yi faɗa ba.

Yanzu zan zo kan Ilu. Ka san shi, amma ka san shi ne bayan ya zama abin da ya zama. A da tare muke lodi, motarsa na bayan tawa a layi, kwano ɗaya muke ci. Wata kaka motar nan ta kama wata irin rawa da ta fi ƙarfina. A kan hanya lafiya lau, da na tsaya sai karkarwa, da na taka birki sai ta nemi mutuwa. Na canza fulogi, na canza wayoyi, na wanke kafireto, shiru. Masu kaya suka riƙa wuce ni suna ba Ilu. Sai wani ya raɗa mini cewa an ga Ilu yana zagaya motata da asuba yana shafa ta. Na yarda, Magaji. Da girmana da sallata na yarda an yi wa ƙarfe asiri. Na nemo rubutu na yayyafa wa tayoyi, na turara mata hayaƙi, na daina amsa gaisuwar mutumin da bai yi mini komai ba. Rannan ya same ni a ƙarƙashin bishiyar tasha ya ce, "Garba, me na yi maka?" Na ce ya je ya tambayi wanda ya aike shi. Ya ɗauki kwanonsa ya koma wata inuwar.

Daga baya, wata rana tasha ta yi tsit ana sallar Juma'a, na makara ina jikin motar inji na aiki, sai na ji wani ɗan sauti siriri, kamar maciji na huci. Na bi shi da kunne har na kai ga tiyon da ya tashi daga inji ya tafi wurin birki. Ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani, inji na zuƙar iska ta nan. Na ɗora yatsa a kan tsagar, motar ta natsu nan take. Abin da Ilu yake yi da asubar nan kuwa, shi ma sautin ya ji, yana nema mini ne. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma ba mu sake cin kwano ɗaya ba.

Wannan gwajin kada ka tsallake shi, ko da ka riga ka sami fulogin da ya mutu. Tana silo, ka taka birki da ƙarfi ka riƙe. In muryarta ta faɗi ko ta nemi mutuwa, ka bi tiyon nan da yatsa daga farko har ƙarshe, ka duba sauran ƙananan ma, da gindin kafireto. Birki za ka taka a kwalbatin nan, ba wani abu ba. In kuma abu ya gagare ka, ka ce ya gagare ka, kada ka ɗora wa mutum.

Shekarun baya, da hanyar can ta fara lalacewa, aka zo tasha aka ce an ga motar Ilu tsaye a kwalbatin, ƙofa a buɗe, makulli a jiki, masara ba a taɓa ko buhu ɗaya ba, shi kuwa babu shi. Da jami'ai suka ba da izini, ni aka tura in jawo ta, don ni na san irin motar. Na tarar da takalminsa ɗaya a ƙasan sitiyari. Na buɗe bonet. Sukurun silo an murɗe shi har ƙarshe, ba sauran inda za shi. Fulogi ɗaya ya mutu murus, na kusa da shi ya jiƙe. Na sa wasu tsofaffi biyu da ke aljihuna, na murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi. Ban ma jawo ta ba, tuƙo ta na yi har gida, ina kuka kamar yaro. Fulogi biyu, Magaji. Ilu ya dawo bayan danginsa sun rabu da gonarsu, kuma ka ga yadda ya dawo. Yana zaune a ƙofar gida, in babur ya wuce sai ya zabura. Ban ce da motarsa ba ta mutu ba da ya tsira, wannan sanin Allah ne. Na dai san motocin da ke gabansa da na bayansa a ranar sun haye sun wuce.

Saura abu ɗaya, shi ne mai ɗaci. In ka canza fulogi, ka canza waya, murfin dilko lafiya, ba inda iska ke shiga, amma silindar nan ta ƙi tashi, to ciwon a ciki yake. Ka sami 'yar takarda ka kara a bakin salansa. In tana kaɗawa waje kawai, da sauƙi. In kana gani ana zuƙo ta ciki lokaci-lokaci, bawul ya ƙone, sai an buɗe kan inji. Wannan ba aikin bakin hanya ba ne, kuma ba aikin da za a gama kafin ranar kasuwa ba ne. In haka ta kasance, ka ajiye motar. Na san nauyin abin da nake faɗa. Lodinka na farko ne, kawunka ya sa bakinsa, manoma za su ba wani, 'yan tashar Dandume za su ce ɗan Garba ya zo da gawa. Su faɗa. Ni ban taɓa iya ajiye mota ba, kullum cewa nake wannan tafiyar kawai, in na dawo a gyara, kuma Allah ya yi ta rufa mini asiri a zamanin da in ka lalace a daji manomi ne zai fito ya kawo maka ruwa. Kai ba wannan zamanin ka samu ba. Kawunka kuwa ka bar ni da shi, in ya yi faɗa ka ce ni na hana.

To, ga yadda aka yi na sani.

Jiya da ka tayar da motar, ni ina ɗaki ina neman jak ɗin nan da na ce sai ka tafi da shi. Da na fito na tarar maƙwabta sun taru suna yi maka addu'a, kai kana tsaye kana goge hannu. Na ɗora tafina a kan bonet, don yanzu da hannu nake ji. Na ji tana bugawa da sauri, sumul, ba rawa. Na ce a raina sanyin safiya ne ya sa ka ɗan ba ta wuta. Na daki bonet na ce, "Lafiyarta ƙalau," kowa ya ji. Ka durƙusa, na sa maka albarka, ka tafi.

Innarku ba ta fito ba, ka san ba za ta fito ba. Wuni guda ba ta ce uffan ba, abincin rana ma na ga ta juya shi kawai ta rufe. Sai bayan la'asar ta zo ta zauna ta gefen damana, inda kunnen ke da ɗan saura, ta ɗaga murya.

"Malam, motar yaron nan tana tsallake."

Ka san tunda aka haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, ko na Magajin ma. Na ce, "Wane irin tsallake? Ni da na ɗora hannu na ji?"

Ta ce, "Kana ɗaki ya tayar da ita. Daga madafi na ji ta. Sai na ji an buɗe bonet, jim kaɗan muryarta ta hau sama, irin yadda take yi maka a da in za ka fita. Sannan aka rufe, ka fito."

Na ce, "To me ya hana ki magana, baiwar Allah?"

Ta ce, "In fito ƙofar gida, gaban maza, in ce ɗan fari kada ya tafi? A ce da ni me a unguwa?" Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Na yi ta jira ko kai za ka ji."

Ban ji ba. Ina tsaye a gabanta, motar da na fi sanin muryarta fiye da ta 'ya'yana, ban ji ba, har na ba da shaida a gaban jama'a. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Ba faɗa nake yi maka ba. Ban sani ba ko tsoro ka ji kada in hana ka tafiya, ko kuwa ba ka so a gane a gaban maƙwabta cewa tsohon ya miƙa maka mota mara lafiya bai ma sani ba. In na biyun ne, na gode, Allah ya yi maka albarka, amma ka rufa mini asiri da abin da ya fi asirin tsada. Kuma ba wani ya koya maka murɗa sukurun nan ba, a hannuna ka gani, safiya bayan safiya. Ban taɓa ce maka ka yi ba, ban kuma taɓa ce maka kada ka yi ba sai yau. Ka mayar da shi inda yake.

Shekara da shekaru, Innarku tana gane dawowata tun ina kwanar masallaci. Kafin in kashe inji ruwan wanka na bayi, tuwo na kan tabarma. Ashe duk tsawon lokacin nan ba zaune take kawai ba, sauraro take, har ta san lafiyar motar da rashin lafiyarta ba tare da ta taɓa leƙa cikin bonet ba. Jiya da magariba na ga ta tsaya cak a tsakar gida da buta a hannu, ta karkata kai wajen titi, alhali ta san ba ranar dawowarka ba ce. Haka za ta yi ta yi yanzu. Ranar da za ka zo, ni ba zan ji shigowarka ba, fuskarta zan duba. Kada ka zo mata da silo a sama, za ta gane.

Hannuna ya gaji, idona ma haka. Zan ba direban bas ɗin farko takardar nan ya kai shagon kawunka, Allah ya sa ta riga ka fita. Allah ya kiyaye ka a kwalta da turɓaya, ya makantar da idon mugu daga kanka, ya haye da kai duk inda ake tsoro, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ka gaida kawunka da iyalinsa.

Na tambayi Innarku ko tana da saƙo. Ta ce ita me za ta ce maka, ta shige madafi. Har na fara naɗe takardar sai ga ta ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta dube ni ba, ta ce, "Ka rubuta, Allah ya dawo da motar lafiya."

Na rubuta yadda ta faɗa. Amin.

Mahaifinka,
Garba.